Kara Ukun Da Kasmirah Ta Zaɓa

Kasmirah ta yi shekara arba'in da ɗaya a rumfar sigarin kanumfari da ke bayan kasuwa a nan garinmu Kudus, ba birni mai tsarki ba, suna ne kawai ya zo ɗaya, amma ko kara ɗaya ba ta taɓa naɗawa ba. Tafin hannunta ne ya cuce ta. Gumi yake yi ko da sanyin safiya, takardar sigari kuwa ba ta shiri da danshi. Ranar da ta fara zuwa, tana 'yar shekara goma sha biyar, mai duba aiki ya kama hannunta ya juya, ya goge nasa a wando, ya miƙa mata almakashi. Daga ranar ta zama mai datsa, kuma a haka ta tsufa.

Aikin rumfa na mutum biyu ne. Mai naɗi tana zaune gaban katakonta, ta zuba taba da kanumfari, ta shafa kokon rogo a bakin takarda, ta ja, kara ya faɗo. Mai datsa tana fuskantarta, ta ɗauka, ta datse tabar da ta leƙo kai da gindi, ta ɗaure. In mai naɗi ta yi nawa, mai datsa ta zauna hannu sake. In mai datsa ta yi nawa, kara ya taru ya yi tudu, mai duba aiki ya zo ya sauke masifarsa a kan su biyun. Mata da yawa sun yi ta canja abokan aiki saboda haka, wasu har da gaba. Kasmirah sau ɗaya ta canja, a shekararta ta huɗu, aka haɗa ta da Wagiyem, kuma ba su rabu ba sai da rumfar ta rufe.

Wagiyem ta girme ta da shekara biyar, don haka Yu take ce mata, wato Yaya, ita kuma ta ce mata Rah. Doguwa ce mai hanzari, kuma tunda aka haife ta ba wanda ya taɓa jin ta yabi wani abu. Romon bauna na bakin tasha, da mutane ke yin layi a kansa, ruwa ne ya yi masa yawa. Amaryar da kowa ke cewa ta yi kyau, hoda ce ta rufa mata asiri. Kasmirah kuwa ba ta da baki, in an taka ta ma ita ke ba da haƙuri. Ta auri wani mai keken fasinja, suka yi shekara tara Allah bai ba su haihuwa ba, ya kwanta ciwon ciki na mako biyu ya rasu. Wagiyem ce ta tattaro zannuwanta ta zo ta yi kwana bakwai a ɗakin, tana dafa mata abinci tana kushe tabarmar da aka shimfiɗa mata.

Akwai abin da duk garin nan Kasmirah kaɗai ta sani: Wagiyem tana shan sigari.

A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Namiji dai ya sha abinsa, liman ya sha, malamin makaranta ya sha, a gidan rasuwa ma cike ake jera kofuna da sigari don masu addu'a. Amma mace, ta naɗa dubu uku a yini da hannunta, ta ciyar da gida da shi, ranar da aka ga ɗaya a bakinta ta zama 'yar iska, kuma maganar za ta bi jikokinta. Kada a tambaye ni hikimar abin, ni ma na gaji da nema.

Kara ɗaya take sha a yini. In an tashi daga aiki suka hau kekunansu, sai su ratse ta hanyar gonar rake, su tsaya a bakin magudanar ruwa inda rake ya rufe mutum. Wagiyem ke sayo karan, kullum a wani shago daban, nesa da unguwarsu, ta ce na maigidanta ne. Da maigidan ya rasu sai ta koma cewa na mai gyaran rufi ne, rufin gidan nan kuwa ya sha gyara na shekara goma sha biyu. Kasmirah ke riƙe ashana, ita ce kuma mai duba hanya. Wari bai taɓa tona musu asiri ba, don duk macen rumfa warin taba da kanumfari take yi, gashinta, zaninta, har jaririn da ta goya.

Wagiyem ba ta kunna kara haka kawai. Sai ta murza shi sau uku tsakanin babban yatsa da manuni na hannun hagu, don tabar ta saki, ta buga gindinsa sau biyu a gwiwa, ta lashi bakin takardar ta ji zaƙin da aka shafa. Sannan Kasmirah ta ƙyasta ashana. Ta zuƙa, ta karkata kai tana sauraron kanumfari yana tartsatsi, ta busa, sannan ta yanke hukunci.

"Wannan wanda ya haɗa shi mura yake yi."

"To, Yu."

"Ayaba, Rah. Ayaba suka sa. Ni biri ce?"

"Na jiya fa?"

"Na jiya ai man shafawar amarya ne aka naɗe a takarda."

Hatta na rumfarsu, wanda ta naɗa da hannunta, ba ta ƙyale shi ba, cewa take maigidan rumfar rowar kanumfari gare shi. Kasmirah ba ta taɓa kai kara bakinta ba, amma ta san su duka ta hanci da ta bakin Wagiyem.

Shekarar da Wagiyem ta kai ɗanta guda, Muslikan, makarantar kwana ta karatun addini, a nan bakin ruwan ta kama hannun Kasmirah mai gumi ta riƙe, abin da ba ta saba yi ba.

"Rah, yaron nan malami zai zama. Ko ina raye ko na mutu, kada ya ji. Kada kowa ya ji, amma shi musamman."

"Wa zan faɗa wa, Yu?"

"Ban tambaye ki ba. Rantse."

Ta rantse.

Muslikan ya zama malamin, har ya zama limamin ƙaramin masallacin unguwarsu. Rumfa ta rufe, matan suka watse, gwiwoyi suka fara ciwo, zuwa bakin ruwa ya koma ranar Alhamis kaɗai. Sannan a daminar da ta cika shekara sittin da takwas, Wagiyem ta faɗi a bakin rijiya. Da aka dawo da ita daga asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Matar da ba ta taɓa barin abu ya wuce ba ta tanka ba, ga ta kwance ana ɗura mata kunun shinkafa mara gishiri, ba ta da bakin cewa bai yi ba.

A faɗi gaskiya, an kula da ita. Rohmatun, matar Muslikan, ita ke yi mata wanka, ta juya ta, ta wanke shimfiɗa, ba tare da ɓata fuska ba. Muslikan kuwa, wanda yake shan kwali guda a yini, da likita ya ce kada hayaƙi ya kusanci mara lafiya, ya hana kowa kunna sigari a gidan, har tsakar gida. Shi kansa sai ya taka zuwa barandar masallaci yake sha, ya kuskure baki, ya canja riga kafin ya shiga ɗakinta. Ɗa nagari ne. Gidan ya zama ba ya warin komai sai sabulu da man zafi.

A mako na uku suka lura da hannunta na hagu. Babban yatsa da manuni suna murza juna, su tsaya, su sake. Rohmatun ta ce kewar aiki ce, hannun da ya shekara arba'in yana naɗi ba ya mantawa. Muslikan ya duba, idonsa ya ciko, ya ce a'a, tasbihi Mak, wato uwarsa, take yi. Ya ɗauko carbinsa mai kyau ya sa mata a yatsun. Ta sake shi ya faɗi. Ya ɗauka ya mayar, ya ce hannun ne ba ƙarfi. Labari ya zaga unguwa, masu dubiya suka riƙa tsayawa a kanta suna cewa baiwar Allah, baki ya tafi amma zikiri bai tafi ba.

Kasmirah tana zuwa kullum da hantsi. Ranar da ta ga hannun, ta zauna a gefen gado ta ƙura masa ido. Murza uku. Sannan yatsun suka sauka suka bugi katifa sau biyu. Sannan hannun ya ɗan taso zuwa fuska, ƙarfi ya ƙare, ya koma. Ta ɗaga kai, ta tarar Wagiyem ita take kallo, da idon nan na bakin ruwa in ashana ta ƙi kamawa.

Ranar ta koma gida ta kasa cin abinci. Ta san hayaƙi ba magani ba ne, ta san abin da likita ya ce. Ta kuma san matar nan ba tashi za ta yi ba, kowa ya sani, faɗa ne ba a yi. Abu ɗaya take roƙo a duniya, mutum ɗaya ne ya gane, kuma mutumin ya rantse ba zai faɗa ba. To in ba za ta faɗa ba, sai dai ta kawo da kanta.

A nan ta ci karo da abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba. Wanne za ta kawo? Sama da shekara arba'in tana jin abin da Wagiyem ba ta so, ba ta taɓa jin wanda take so ba.

Washegari ta hau mota zuwa can ƙarshen gari, shagon wani Pak Tarmuji da ke sayar da sigari kara-kara. A bencin ƙofar shagon wani tsoho mai gyaran laima yana zaune da kofin gahawa.

"Mbah, me za a ba ki?" in ji Pak Tarmuji.

"Ni ba kakarka ba ce, dubi furfurarka. Fito mini da na hannu duka, kara ɗaya-ɗaya. Ban da na inji, ban da mai filta."

"Wa za a saya wa?"

"Mai gyaran rufi."

"To yaya bakinsa yake? Mai son zaƙi ne ko mai son kauri?"

"Ba ya son komai."

Mai gyaran laima ya yi dariya har ya ƙware. "Ba shi mai arha kawai. Mai gyaran rufi ko igiya ka kunna masa zai sha."

"Kai ka sani," in ji Pak Tarmuji, "da kake shan abin da ko sauro ba ya kora."

"Nawa tabar dutse ce, ta maza. Kai ne mai shan alewa."

Ta bar su suna yi. An jera mata kara goma sha ɗaya a kan gilashin kanta. Ta goge hannunta a zani, ta riƙa ɗauka da bakin yatsu don kada ta jiƙa su, tana kai wa hanci, tana jan numfashi daga kai zuwa gindi. Kowanne ta shinshina sai muryar Wagiyem ta taso mata. Ga mai ayaba, ta ture. Ga man amarya, ta ture. Ga wanda gyaɗar ƙamshi ta yi wa yawa, wanda Yu ta ce yana kashe harshe kamar allurar mai cire haƙori. Ga wanda aka danƙara wa kirfa don a ɓoye tabar banza. Ga wani da ta matsa ta ji an cusa shi ƙam, ta san mai naɗin sabuwar hannu ce, gefensa ma ba a datse daidai ba. Mazan biyu suka zuba mata ido.

"Ke 'yar rumfa ce," in ji Pak Tarmuji.

"Da can."

Uku suka rage. Na farko mai hoton agwagwa a kwali, mai laushi, yana ƙamshin mazarƙwaila, bakinsa da zaƙi. Wagiyem ta sha zaginsa, amma takan zuƙe shi har ya kusa ƙona mata yatsa. Na biyu mai hoton tsani, taba mai kauri da kanumfari manya-manya, wanda take cewa kamar ana soya gyaɗa a bakin mutum, amma Kasmirah ta lura shi ta fi yawan sayowa. Na uku mai hoton kwale-kwale, mai ɗan tsami-tsami kamar tsamiya. Wannan sau ɗaya Wagiyem ta sha shi, kuma shi kaɗai ne ta shanye ba ta ce uffan ba. Sai dai ranar kwana goma ke nan da binne mijinta, don haka Kasmirah ba ta taɓa sanin ko sigarin ne ya rufe mata baki ko baƙin ciki.

"Ɗauki mai tsani," in ji mai gyaran laima. "In bai so ba, ki kawo mini."

"Mai agwagwa," in ji Pak Tarmuji. "Ba wanda ya taɓa dawo mini da shi."

Ta sayi ukun, ta naɗe su a ganyen ayaba, ta cusa cikin ɗamararta tare da ashana.

Sai da ta jira kwana huɗu. Ranar Talata da hantsi Muslikan yana makaranta, Rohmatun ta yafa mayafi za ta karɓo magani, ta ce, "Lik, don Allah ki zauna da Mak, ba zan daɗe ba." Tun Muslikan yana goye Lik yake ce mata, kamar ƙanwar uwarsa, matarsa ma ta ɗauka.

Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa, Kasmirah ta tura ƙofa, ta buɗe taga, ta zare carbin daga hannun Wagiyem ta ajiye a kan tebur. Ta warware ganyen ayaba a kan cinyarta. Idon Wagiyem ya sauka a kai bai ƙara motsi ba.

"Uku na kawo, Yu. Ban san wanne ba. Ba ki taɓa faɗa mini ba, ke ma da laifinki."

Ta dube su. Ta dubi ƙirjin da ke hawa da sauka a hankali ƙarƙashin zani, da wuyan da ya rame. Mai tsani zai yi mata nauyi. Mai kwale-kwale kada ya tuno mata da mutuwa. Ta ɗauki mai agwagwa, mai laushin. Tausayi ne ya yi mata zaɓin, ba hanci ba.

Ta sa shi a yatsun hagun. Suka kama shi nan da nan, suka murza sau uku, suka buga a katifa sau biyu, ba ko rawa. Kasmirah ta tallafi hannun zuwa baki, harshe ya ɗan leƙo ya taɓa takardar. Ta ƙyasta ashana. Amma leɓen ya ƙi rufuwa a kan karan, iska tana fita ta gefen da ya karkace, wutar ta ci bakin takarda ta mutu. Suka gwada sau biyu. Yawu ya jiƙa karan. Hawaye ya gangaro daga idon Wagiyem na hagu ya shiga kunne.

"Tsaya, Yu. Kawo."

Kasmirah, mai shekara sittin da uku, ta sa sigari a bakinta karo na farko. Ta kunna, ta ja kamar yadda ta ga ana yi, hayaƙin ya shaƙe ta, ta yi tari har ta ga duhu-duhu. Ta sake ja, wannan karon ta tsayar da shi a baki. Kanumfari ya fara tartsatsi, Wagiyem ta karkata kai tana saurare. Kasmirah ta sunkuya ta busa mata a hankali a fuska.

Wagiyem ta lumshe ido, ta ja numfashi. Ta riƙe. Sannan hancinta ya tattare, ɓarin fuskar da ke da rai ya yamutse, wani guntun tsaki ya fito ta gefen baki. Tun faɗuwarta ba a ga wannan fuskar ba. Ita ce, Wagiyem ce sak, ta dawo ɗakin don ta ce abu bai yi ba.

Kasmirah ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. "Na sani. Zaƙi ya yi yawa. Na yara ne. Yi haƙuri, Yu, na raina ki. Bari in kunna miki na gaske."

Ta kai hannu kan mai tsani ke nan aka turo ƙofa. Ruwa ne ya tsinke a hanya, Rohmatun ta juyo ɗaukar rigar ruwa, ƙarar saman kwano ta hana a ji babur. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ɗaki ya yi hayaƙi, surukarta tana tari, ga Lik Kasmirah da sigari a hannu yana ci.

Ba ta yi ihu ba. Ta wuce ta ɗago kan Wagiyem, tana shafa mata baya har tarin ya lafa.

"Lik, a kanta? Ba ki iya haƙuri ki fita waje ba? Wata guda ina kwana ina tashi a kan matar nan."

Kasmirah ta kashe karan a tafin takalminta, ta naɗe sauran biyun. Wagiyem tana wani gurnani tana buga katifa da hannu, Rohmatun ta ce, "Kin gani, kin tayar mata da hankali." Kasmirah ta fita cikin ruwa ba laima.

Bayan la'asar Muslikan ya zo gidanta. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma a ƙasa da ita, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ta kawo shayi, bai taɓa ba.

"Lik, ba faɗa na zo yi ba. Ke uwa ce. Tambaya ɗaya kawai. Tun yaushe kike sha?"

Ta dube shi. Hancin uwarsa gare shi. Amsar tana nan a kan harshenta, ba ta da tsawo. Ta san halin yaron nan, mai yiwuwa in ya ji ya yi kuka, ya kulle ƙofa, ya kunna wa uwarsa da hannunsa. Mai yiwuwa kuma ya shiga ɗakin da wata fuska daban, Wagiyem ta gani, ta gane, ga ta ba bakin da za ta kare kanta. Kasmirah ba ta san wanne zai faru ba. Abin da ta sani shi ne hannun da aka riƙe mata a bakin ruwa. Ko ta yi daidai ko ta yi kuskure, ni ban isa in yanke ba.

"Tun kafin a haife ka," ta ce.

Ya sunkuyar da kai. "Mak ta sani?"

"Ta sani. Ta sha yi mini faɗa."

"Na san za ta yi." Ya ɗago kai. "Lik, ki ɗan dakata da zuwa tukuna. Har jikinta ya yi sauƙi. Rohmatun ta tsorata."

"To, Le," ta ce, kamar yadda take kiransa tun yana yaro.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa. Mai sayar da kayan miya ta fara yi mata wani murmushi, yara suna sa tsinke a baki in ta wuce. Wata tsohuwar 'yar rumfa ta ce ita dama ta daɗe tana zargi, masu shiru-shirun nan sai a hankali. Wannan duk bai dami Kasmirah sosai ba, ba ta da ɗa ko jika da maganar za ta bi. Abin da ke cin ta shi ne dama ɗaya ta samu, ta ɓata ta a kan mai agwagwa. Da ta bi hancinta, da ta tuna wace ce kwance a gadon, da yanzu ta sani.

Sau biyu ta je da kunun shinkafa da ta dafa da ɗan gishiri a ɓoye. Sau biyu Rohmatun ta karɓa a bakin ƙofa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce Mak tana barci. Karan biyu suna cikin ɗamararta duk zuwan, ko da za a ce mata shigo. Danshin damina da gumin jikinta suka sa suka fara laushi, ta mayar da su cikin gwangwanin shayi.

Rana ta goma sha biyu, bayan sallar asuba, tana shara ta ji an hura lasifikar masallaci. Muryar Muslikan ce, ya faɗi sunan uwarsa, ya faɗi lokacin jana'iza, ya maimaita. Ta ƙarasa sharar, don ba ta san me za ta yi da tsintsiyar ba.

Ba a kira ta wanka ba. Rohmatun da dangi suka yi. Ita aka ba ta allura da zare ta zauna a can ƙuryar gida cikin mata masu shirya furannin da za a yafa wa makara, kuma matan suka ɗan bar tazara tsakaninsu da ita a tabarmar. Da aka fito da gawar tsakar gida, Muslikan ya tsaya ya tambayi jama'a sau uku ko mahaifiyarsa mutuniyar kirki ce, sau uku aka amsa masa ta kirki ce. Kasmirah ma ta amsa, nata bai fito da ƙarfi ba.

Kafin a ɗaga, ya ratso ta cikin mata ya zo inda take. Idonsa ya yi ja. Ya durƙusa, ya kama hannunta ya kai goshinsa, a gaban kowa, don mutane su ga ba ya riƙe da ita.

"Lik, abin da ya faru ya wuce. Ni da Rohmatun mun yafe miki. Na tabbata Mak ma ta yafe miki kafin ta cika."

Matan suka yi ta gyaɗa kai, wata ta ce Allah Ya yi wa yaron nan albarka.

"Na gode, Le," in ji Kasmirah. "A bar ni in ga fuskarta."

Ya waiwaya ya dubi makarar, maza huɗu sun riga sun sunkuya sun kama.

"An riga an ɗaure, Lik."